Bangon da Ke Tsakanina da Tela

Zuwa ga Uwata, 'yar ƙanena,

Gaisuwa mai yawa daga tsohon da ya riƙe ki. Ina fata kina lafiya, aikin kamfani bai tsotse ki ba. Ni dai ina nan, gwiwa tana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Kunne kuwa kin san tun zamanin injin fasa dutse ya yi sallama da ni, saboda haka ki daina kiran wayar maƙwabta, ba na jin komai sai tsuwa. Tela maƙwabcina ne yake rubuta mini kamar kullum, yana gaishe ki. Matarsa tana nan yadda kika bar ta, ɓarin jikin bai motsa ba.

Ga abin da ya sa na tashe shi daga kan keken ɗinki. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai ga mota, wasu mutane suka fito da hulunan kwano. Ɗayansu, wani mai furfura a gemu da ya kamata a ce ya san ya kamata, yana riƙe da wani abu kamar bindigar hannu. Ko sallama bai gama ba ya ɗora bakinta a jikin bangona. Na ce, "Malam, me bangon ya yi maka?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ba harbi ba ne, awo ne." Abin ya yi ƙyas, ya bar ɗan tabo kamar cizon sauro. Ya duba bayanta, ya yi fito, ya kira 'yan uwansa suka haɗa kai kamar an ga jaririn da ya fito da haƙori.

Haka suka bi layinmu gida gida, suna ƙyastawa suna shafa jan fenti. Daga baya suka tara mu suka ce farin dutsen da muka yi gini da shi akwai abin da ake yin batir da shi a cikinsa, har ya fi wanda suke haƙowa yanzu. Wai za su ba kowa gidan bulo kusa da asibiti, da famfo da bayan gida a ciki, su kuma su kwashe bangayen.

Na ce, "Wa ya aiko ku?" Sai Mai Bindiga ya ambaci sunanki.

Na ce masa ƙarya yake yi, a gaban mutane na faɗa. Yanzu ki rubuto ki gaya mini ko ni ne na ji kunya.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa. Na ji daɗin jin lafiyarka, gwiwar kuma don Allah ka riƙa shafa man da na aiko, ba ajiya na ce ka yi ba. A gaishe da Tela da mai jiki, Allah ya ba ta sauƙi.

Baffa, mutumin bai yi ƙarya ba, amma ba aiko su na yi ba. Ka tuna dutsen da ka ɓamɓaro daga bangon ɗakinka ka sa mini a jaka ranar da zan tafi makaranta? Yana kan teburina, da shi nake danne takardu. Rannan muna gwada sabuwar na'ura, wani abokin aiki ya ɗauke shi da wasa ya ce bari mu ga abin da gadon gidanku ya ƙunsa. Da sakamako ya fito, dariya ta tsaya. Shugabanmu ya tambaye ni daga ina, ni kuma cikin murna na gaya masa.

Bari in kwatanta maka aikin, don kai ka fi kowa saninsa. Bel ne mai jan duwatsu, irin wanda kuka tsaya a gefensa, sai dai yana gudu fiye da yadda ido zai bi. A samansa akwai abin da ke leƙa cikin dutse kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. In ya ga mai amfani, sai iska ta hure shi zuwa wani kwando, sauran su wuce. Ni aikina in koya mata wanne ake so. Aikinka nake yi, Baffa, ina zaune a kujera kawai.

Kuma kada ka ɗauka na'urar ta ce kun yi kuskure. Ku kuza aka sa ku nema, kuma babu kuza a farin dutse, daidai kuka jefar. Duniya ce ta sauya abin da take so.

Na ga hoton sababbin gidajen. Babu matakala, babu yoyo. Ɗakinka kuwa duk damina sai ka jera kwanuka. Ka karɓa, don Allah. In na zo hutu ni zan saka maka labule.

Taka, Uwarka.

*

Zuwa ga Uwata,

Na gaishe ki. Lafiyata ƙalau, man yana nan a rufe, ban ga abin da ya fi ruwan zafi ba.

Tela ya karanta mini takardarki, na sa ya maimaita. To, na ji kunyar. Na je har inda suka kafa rumfa na ce wa Mai Bindiga ya yafe mini ƙaryata shi da na yi. Ya ce, "To Baba, sai sa hannu?" Na ce wannan kuma ka jira.

Kin ce aikina kike yi. Wanda ya yi aikina ya san zafin dutse a tafin hannu, amma bar wannan. Bari in gaya miki abin da bindigarsu ba ta gani ba, tun da ke ma ba ki taɓa tambaya ba.

Da muka zo nan, kamfanin da ya gabaci naku fili kawai ya nuna mana. A rumfunan langa-langa muke kwana, rana ta gasa mu, ruwa ya doke mu. Farin dutsen nan muna tsince shi daga bel muna wurgawa gangare, babu mai so ko a kyauta. Dogo ne ya fara lura yana tsagewa falle-falle, yana zama daram in an ɗora. Muka tambayi babban mai kula da aikin, ya ce ku kwashe, kun rage mini shara. Daga ranar babu mai tashi daga aiki hannu sake. Kowa da dutse a ka. Wanda ya shigo layi babu kaya, mata su bi shi da tafi har ƙofa.

Kuma babu wanda ya gina bango huɗu. In an gama ɗakin wani, na gaba ya jingina nasa, ya gina uku. Shi ya sa kika ga layinmu a manne kamar haƙora. Ba tsarin injiniya ba ne, gajiya ce da amana.

Bangon da ke tsakanina da Tela, na san kowane dutse a cikinsa. Manyan na ƙasa Dogo ya ɗauko, shi kaɗai ke iya su. Na tsakiya na Mai Tari ne, wanda asalin ɗakin Tela nasa ne, yana ɗorawa yana tari yana cewa ba komai. Ƙananan da aka cike tsakani da su Innarki ce ta kwaso a zane, da tsohon ciki. Sahun sama kuwa ubanki ya jera, ya karkace, na ce ya sauko, ya ce ni ne idona ya karkace, ya juyo zai nuna mini sai ga shi a ƙasa. Giɓin da kika san shi da shi, a nan ya samo. Duk sun tafi. Ba su bar hoto ba, ba su iya rubutu ba. Wannan suka bari.

Yanzu rabin layi sun sa hannu. Ban zagi kowa ba. Matsalar ita ce kamfaninku ya ce ba zai karɓi gidan Tela ba sai na yarda a rushe bangon tsakani, don in an ja nasa nawa zai biyo. Tela yana rubuta wannan yana tsaki. Ya ce in gaya miki shi saye ya yi, bai san wani Dogo ba, abin da ya sani shi ne mace ce yake goyawa zuwa bayan gida safe da yamma. Na ce rubuta, gaskiya ce. Ya ce in ce miki kaina ya fi dutsen tauri, a kawo bindiga a auna. Na ce wannan ma rubuta.

Amma ba zan sa hannu ba. Labulenki ki ajiye. Dutsen da na ba ki kuma, ki dawo mini da shi.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka, ko da ba ka son gaisuwar. Wannan ce takarda ta uku da na ba direban tifa, babu amsa ko ta baki. Na tambaye shi, ya ce yana ganinka zaune a ƙofa, ka karɓa ka sa a aljihu ba ka ce komai ba. Aƙalla na san kana da rai.

Dutsen na naɗe shi na ba shi tun da takarda ta farko. Na gane abin da kake nufi. Kai ka ba ni shi ka ce duk inda na je in san ina da gida, yanzu ka karɓe. Ban yi gardama ba, bakina ne ya jawo. Amma Baffa, ba ni da wani uban bayan kai. Ka zage ni ma in za ka zage ni, Tela ya rubuto, zan karanta.

Tifofin farko daga layinmu sun iso. Ni aka sa in tsaya a kansu. An zuba a injin, ya farfasa su kamar dunƙulen hannu, suka hau bel. Na ga wani da shuɗin fenti a gefe, na san na ƙofar Mai Wanki ne, inda muke wasan 'yar tsana. Na fita waje na ce ƙura ce ta shiga idona.

Abin da ya fi ci mini rai, ba duka take ɗauka ba. Kusan rabi take ƙi. Ana tara su a bayan shingen waya, tsibi guda, babu mai kallonsu. Tifofin su juya su koma wajenku babu komai a ciki. Da na san haka za a yi da rabin gidanmu, da na haɗiye harshena rannan.

Ka ce wani abu.

Taka, in har yanzu kana so, Uwarka.

*

Zuwa ga Uwata, sarkin saurin fushi irin na ubanta,

Gaisuwa. Lafiyata lau, sai bayana da ya tuna mini shekaruna, dalilin yana tafe. Za ki ga hannun ya sauya. Mai Bindiga ne yake rubutawa, a kan murfin motarsa. Ya ce ba aikinsa ba ne, na ce shafa fenti a gidan mutane ma ba aikin mai furfura ba ne amma ka yi.

Wa ya ce miki na karɓe gida? Ramin da na ciro dutsen yana nan tun tafiyarki, ƙadangaru ke shiga. Na ce in za su zo da ƙarfi, su tarar da bangona cikakke, kada su ce dama ya fara zubewa. Shi ke nan. Ku masu ilimi sai ku ɗauki magana ɗaya ku yi mata ɗakuna.

Shirun kuwa ba fushi ba ne. Ranar da muka gama waccan takardar, Tela ya ajiye biro ya ce, "Daga yau ka nemi marubuci, tun da hannunka bai iya komai ba sai ƙi." Muka daina magana. Takardunki na tara su a ƙarƙashin tabarma. In kai wa wa? Duk wanda ya iya karatu a layin ya kwashe kaya. Na ce gara su zauna a rufe da in roƙi Tela.

Aka rushe gaba, aka rushe baya. Aka yanke famfon layi, bayan gidan da muke tarayya ma ya tafi, sai na can ƙarshen fili. Muka rage mu biyu a tsakiyar ɓaraguzai kamar haƙoran tsohuwa. Ni ko a jikina. Kullum in fito in zauna in kalli katafila, direbanta ya ɗaga mini hannu in ƙi ɗagawa.

Wata safiya na ga Tela ya fito da matarsa a baya, yana tsallake duwatsu. Ƙafarsa ta zame, ya durƙusa a kan gwiwa, bai sake ta ba. Na je na kama, ya ce, "Sake, ba mu nema ba." Na ce ba kai na kama ba. Muka kai ta tare, ba mai kallon wani. Da muka dawo da ita muka kwantar, ta kama bakin rigata da hannun da ke aiki. Kin san maganarta ba ta fita sosai, ni kuma ga kunne, sai da na sa kaina kusa da bakinta. Ta ce, "Yaya, kana gadin waɗanda suka huta. Ni ban huta ba."

Na shiga ɗaki na zauna ina kallon bangon har rana ta yi tsaka. Mai Tari a bayan bangon nan ya ƙare, ina jin tarinsa ta cikin dutse ban iya masa komai ba. Wannan karon akwai abin da zan iya, shi ne ya fi ba ni haushi.

Sai na kwaso takardunki na tare Mai Bindiga na ce karanta. Da ya zo wurin da kika ce na'urarku tana ƙin rabi, tifofi kuma suna dawowa wayam, na ce tsaya, sake faɗa. Ya sake. Na ce kai ni wurin babbanku.

Babban nasu yana cikin wani ɗakin ƙarfe mai sanyi kamar randa. Ya miƙe da fara'a ya turo takarda. Na ce, "Zauna, ban gama ba. Bango ɗaya zan ba ku, na tsakani, don Tela ya tafi. Ukun da suka rage ko ku taɓa. Gidan bulonku ku ba mai so. Sannan duk abin da na'urarku ta ƙi daga layin nan, a zubo shi a tifar da ke dawowa, a juye a ƙofata." Ya ce, "Baba, shara ce fa, me za ka yi da ita?" Na ce, "Wanda ya riga ka zama a irin kujerar nan ma haka ya ce." Ya kira wani a waya, suka yi ta Turanci, ya dawo ya ce ai na rage musu wahala. Na dangwala yatsa.

Ban bar katafila ta taɓa bangon ba. Da hannu muka sauke shi, daga sama, na tokare rufin da itace na rataya buhuna. Sahun ubanki har yanzu a karkace yake, na nuna wa Mai Bindiga don a samu shaida. Tela ya zo ya tsaya, can sai ya cire riga ya kama. Ba mu shirya da baki ba, amma ranar da za su tashi ya ɗinke mini buhunan suka zama labule guda. Ya ce, "Ka zo ka ga famfo." Na ce na san ruwa.

Tifar farko ta juye tun makon jiya. Kin yi gaskiya, an farfasa su. Na zauna a kan tsibin ina jujjuyawa, ina neman na Dogo, ina neman na Innarki. Uwata, ban gane ko ɗaya ba. Ni da nake rufe ido in faɗi mai kowane dutse. Na gidan Mai Wanki ya haɗu da na gidan Gajere, na farkon layi da na ƙarshe. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Na kwana biyu ban taɓa su ba. Daga baya na ce, to, da mutum huɗu ne a bangon, yanzu duk layin ne, sai su matsa wa juna kamar yadda suka saba.

Na fara ɗora su a gurbin bangon. Ƙananan duwatsu suna shan laka, ginin ba kyau, ya kai mini ƙugu. Mai Bindiga ya tsaya da rubutu yana cewa in gaya miki wata rana za a ƙero na'urar da za ta so waɗannan ma, su sake dawowa. Na ce su zo, kujerata tana ƙofa. Ya ɗaga bindigarsa da wasa zai ɗora a sabon ginin, na daka masa tsawa, har yanzu dariya yake, in kin ga rubutun ya karkace shi ne.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, abin da aka kawo kuma ba zai kai ni rufi ba. Ki ɗauki hutu ki zo, ki taho da tsofaffin kaya, laka za ki kwaɓa. Kafin ki taso, tun da ke kike koya wa na'urar nan abin da za ta so, ki gaya mata ta rage haɗama. Akwai tsoho a nan yana jiran abin da ta ƙi.

Baffanki, a gidansa.